Awar da ke ɓacewa: Yadda sauya agogo a Turai da Amurka ke rikita aikin kwamfuta har a nan gida

Idan kana zuwa gidan kallon ƙwallo, ka riga ka san wannan abin ko da ba ka san sunansa ba. A watan Satumba wasan Firimiya na ranar Asabar yana farawa ƙarfe 3 na rana. Kana shiga Nuwamba sai ka ga ya koma ƙarfe 4, wato daidai lokacin da ake fitowa daga sallar la'asar. Wasan Kofin Zakarun Turai da ka saba kallo ƙarfe 8 na dare shi ma sai ya koma ƙarfe 9. Babu wanda ya taɓa jadawalin gasar, su a can suna buga wasan a lokacin da suka saba. Agogonsu ne suka mayar baya da awa ɗaya, namu kuma yana nan inda yake.

Kai mutum ne, idan ka je gidan kallo da wuri ka tarar ba a fara ba, sai ka sayi rake ka zauna. Kwamfuta ba ta da wannan dabarar. Abin da aka gaya mata shi za ta yi, a lokacin da agogon da aka ɗora ta a kai ya nuna. Ni ma sai da abin ya ci ni kafin na gane.

Yadda wasiƙarmu ta makara

A zangon karatun da ya wuce an raba mu rukuni-rukuni, aka ce kowane rukuni ya ƙirƙiro wata kafar labarai ya gudanar da ita na tsawon makonni, a kanta za a ba mu maki. Mu muka zaɓi wasiƙar imel ta safe: taƙaitattun labarai biyar, su isa wayar mai karatu ƙarfe 6 na safe, kafin ya fita aiki ko lacca. Alkawarin da muka rubuta a saman shafin rajista ke nan, ƙarfe 6 daidai. Da yake ba wanda zai iya tashi kullum ya danna maɓalli bayan ya kwana yana tace labari, sai muka yi karo-karo muka kama hayar wata ƙaramar uwar garke, wato kwamfutar da ke zaune a wata ƙasa tana aiki dare da rana, muka umarce ta ta riƙa aikawa da kanta.

Mun saita ta a watan Satumba, komai ya tafi lafiya lau. Ranar Litinin ta ƙarshen Oktoba na farka na duba waya, babu wasiƙa. Shida da kwata, shiru. Na kira wanda ya saita mana, ya ce shi bai taɓa komai ba, kuma gaskiyarsa. Ƙarfe 7 daidai sai ga ta ta shigo. Washegari ma haka. Kwana uku muna zargin juna, muna zargin netwok, har wasu masu karatu suka fara rubuto mana cewa ashe mu ma lokacin Bahaushe muke bi. Malaminmu, wanda shi ma ya yi rajista don ya sa mana ido, bai ce komai ba, ya dai rubuta abin da ya rubuta a takardarsa.

A rana ta huɗu muka gano bakin zaren. Uwar garken tana kan agogon Landan. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, agogon Landan da na Najeriya ɗaya ne, shi ya sa ba mu lura ba lokacin da muke saitawa. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba Ingila ta mayar da agogonta baya, ƙarfe 6 na Landan ya zama ƙarfe 7 na Kano. Kwamfutar ba ta yi kuskure ko na daƙiƙa ɗaya ba. Mu ne muka ce mata ƙarfe 6 ba mu faɗi na wane gari ba.

Me ya sa suke taɓa agogo tun farko?

A nan wajenmu tsawon yini ba ya canzawa sosai. A Kano, tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta a shekara, bambancin bai wuce awa ɗaya da rabi ba. A Landan kuwa, a tsakiyar bazara rana takan yi sama da awa 16 a sama, a tsakiyar hunturu ba ta kai awa 8 ba. Da bazara gari yana wayewa mutane na ta barci, hasken ya tafi a banza. Sai aka yi tunanin a tura agogo gaba da awa ɗaya, a tashi da wuri, a samu ƙarin haske da yamma, a rage kunna fitila.

Wani magini ɗan Ingila, William Willett, ya yi ta fafutukar wannan tsari tun 1907, ya mutu a 1915 bai ga an aiwatar ba. Jamus ce da ƙawarta Ostiriya-Hangari suka fara ɗabbaƙa shi a faɗin ƙasa ranar 30 ga Afrilun 1916, a tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, don tattalin kwal. Bayan 'yan makonni Birtaniya ta bi sahu.

Yau a ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya ana tura agogo gaba ranar Lahadin ƙarshe ta Maris, a dawo da shi ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba. A Amurka, tun 2007, ana turawa ranar Lahadi ta biyu ta Maris, a dawo ranar Lahadin farko ta Nuwamba, kuma jihar Hawai da mafi yawan Arizona ba sa yi sam. Ka lura ranakun ba ɗaya ba ne. Akwai mako biyu ko uku a Maris, da mako ɗaya a kaka, da tazarar Niyok da Landan ke komawa awa 4 maimakon 5 da aka saba.

Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi ba sa wannan sauyi, duk shekara suna gaban agogon duniya na UTC da awa ɗaya. Ghana kuwa tana kan UTC ɗin kansa, wanda masu sauraren rediyo suka fi sani da agogon GMT.

Daren da ba shi da ƙarfe 2:30

Yanzu mu shiga cikin kwamfutar. A can ciki, yawancin na'urori ba su san wani ƙarfe kaza ba. Daƙiƙoƙi suke ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, a tsarin Unix da danginsa tun daga 1 ga Janairun 1970 agogon UTC. Wannan ƙirga ba ruwanta da bazara ko hunturu. Abin da kake gani a fuskar wayarka fassara ce: na'urar ta ɗauki wannan lamba, ta duba dokar garin da aka ce mata tana ciki, ta nuna maka ƙarfe nawa. Matsala tana tasowa ne idan aka ɗaura aiki a jikin fassarar.

Akwai wata tsohuwar manhaja mai suna cron da ke kan kusan kowace uwar garke mai amfani da Linux. Aikinta ɗaya: duk minti ta duba agogo, ta duba jerin ayyukan da aka ba ta, idan lokacin wani ya yi ta tayar da shi. Idan ka rubuta mata 30 2 * * * ka ce mata ke nan kullum ƙarfe 2:30 na dare ta yi abu kaza. A Windows ma akwai makamanciyarta. Irin waɗannan manhajoji ne ke kwafe bayanai don ajiya, su haɗa lissafin cinikin yini, su tura saƙon tunatarwa, su cire kuɗin rajistar wata, duk a lokacin da mutane ke barci. Kuma saboda dare ne lokacin da ba cunkoso, masu saitawa suna son ƙarfe 1 zuwa 3. To, a daidai nan ne ake sauya agogo.

Ɗauki Niyok a daren Lahadi ta biyu ta Maris. Agogo yana kaiwa 1:59, minti na gaba sai ya nuna 3:00. A wannan daren babu wani abu wai shi ƙarfe 2:30, yinin awa 23 ne. Manhajar da ke jiran ta ga 2:30 da idonta za ta yi ta jira har gari ya waye. Idan aikin na kwafe bayanai ne, an kwana ba ajiya, kuma ba wata ƙararrawa da za ta kaɗa, domin babu abin da ya lalace, ba a dai fara aikin ba ne.

A Nuwamba abin ya juya. Agogo ya kai 1:59, sai ya koma 1:00. Ƙarfe 1:30 zai zo sau biyu a dare ɗaya, yinin ya zama awa 25. Manhajar da ba ta da wayo za ta yi aikin sau biyu. Idan share shara ne daga ma'ajiya, ba komai. Idan tura wa mutum dubu saƙo ne, ko cire kuɗi daga asusu, ka ga an shiga uku. Ko rubutaccen tarihin abin da ya faru a daren ma ya rikice. Ka ɗauka ma'aikaciyar jinya ta rubuta cewa an ba majinyaci allura ƙarfe 1:30. Wane 1:30 ɗin, na farko ko na biyu? Tsakaninsu awa guda ce cur, kuma a kanta za a lissafa lokacin allura ta gaba.

Ba kwamfuta kaɗai abin ke tsayarwa ba. A Amurka, jiragen ƙasa na Amtrak da ke tafiyar dare sukan tsaya su jira awa ɗaya a daren Nuwamba, don kada su riga jadawalinsu isa tasha.

Masu rubuta manhaja sun san da wannan, kuma wasu sun yi maganinsa. Nau'in cron da ke zuwa da Debian da Ubuntu, wanda ya samo asali daga wanda Paul Vixie ya rubuta a 1987, yana lura idan agogo ya yi tsalle na ƙasa da awa 3. Idan gaba ya yi, ayyukan da aka tsallake sai a yi su nan take. Idan baya ya koma, ba za a maimaita wanda aka riga aka yi ba. Amma wannan kariya ta ayyukan da aka sa wa takamaiman lokaci ce, waɗanda aka ce a yi duk awa ko duk minti kaza suna bin sabon agogo ne kawai. Kuma ba kowace manhajar tsara aiki ce ke da irin wannan hali ba, kowacce da yadda marubutanta suka yanke. Wanda bai karanta bayanin tasa ba, sai ranar da abin ya faru zai sani.

Kada ka ɗauka ƙananan masu koyo irinmu kaɗai ke faɗawa. Ranar Litinin 1 ga Nuwamban 2010, masu iPhone da yawa a Turai sun makara zuwa aiki, saboda ƙararrawar tashi da suka saita ta riƙa kaɗawa kullum ta kaɗa a makare da awa ɗaya, alhali agogon fuskar wayar daidai yake nunawa. Waɗanda suka saita ƙararrawa ta sau ɗaya ba abin da ya same su. Sai da Apple ya fitar da gyara.

Agogo a hannun 'yan siyasa

Da a ce dokar sauyin a tsaye take, da an rubuta ta sau ɗaya an huta. Amma gwamnatoci ne ke yanke ta, kuma sukan canza ra'ayi. Turkiyya ta daina sauyawa a 2016, Brazil a 2019, mafi yawan Meziko a 2022. Majalisar Turai ta kaɗa ƙuri'ar a daina a 2019, amma ƙasashen ba su cimma matsaya ba, aka ci gaba da yi. Masar, wadda ta daina a baya, ta dawo da tsarin a 2023, kuma ita da tsakar dare take turawa, ranar Juma'ar ƙarshe ta Afrilu: daga 11:59 na dare sai 1:00. Duk wanda ya ce shi ya tsira saboda ya sa aikinsa ƙarfe 12 na dare daidai, to a agogon Alƙahira bai tsira ba. Maroko kuma a 2018 ta yanke ta zauna gaban UTC da awa ɗaya kamar mu, sai dai idan azumi ya zo a mayar da agogo baya har a gama Ramadan. Ka ga nan sauyin yana bin watan Musulunci ne, kowace shekara ranarsa daban.

Yaya wayarka ke sanin duk wannan? Akwai wani kundin dokokin lokaci na duniya da ake kira tz, wanda Arthur David Olson ya fara a shekarun 1980, Paul Eggert ke jagorantar kula da shi, yana kuma ƙarƙashin hukumar IANA tun 2011. Android, iPhone, Linux da manhajoji bila adadin daga nan suke ɗebo bayani. A cikinsa kowane yanki yana da suna, namu shi ne Africa/Lagos. Idan wata ƙasa ta canza doka, sai a sabunta kundin, kamfanoni su tura wa na'urori. Na'urar da ba a sabunta ba za ta ci gaba da bin tsohuwar doka da zuciya ɗaya.

Abin da ya faru a Lebanon a Maris 2023 ya nuna yadda abin ke kasancewa idan aka yi gaggawa. Saura kwana biyu a tura agogo, gwamnatin Najib Mikati ta ce an ɗage sai kusan ƙarshen Ramadan, a watan Afrilu. Wasu coci-coci, makarantu da gidajen talabijin suka ƙi bi. Wayoyi da yawa suka sauya da kansu bisa tsohuwar doka. Ƙasa ɗaya ta wayi gari da agogo biyu. Bayan 'yan kwanaki gwamnati ta janye, aka tura agogon daren 29 ga Maris. Masu kula da kundin tz sai da suka fitar da gyara sau biyu cikin mako guda. Yi tunanin wanda ke kula da jadawalin biyan albashi ko tashin jirgi a wannan makon.

Ina ruwanka, kai da ke Kano ko Damagaram?

Ruwanka ne idan kana cikin matasan da ke neman na kansu ta intanet, kuma mun yi yawa yanzu. Mai kula da shafin wani kamfani, mai tsara saƙonnin talla su fita da kansu, mai koyon rubuta manhaja da ya kama hayar uwar garke, mai aiki daga gida da wani ofishi a Turai, duk agogon wasu yana cikin aikinsu.

Taron da ake yi kullum ƙarfe 9 na safe agogon Niyok, a wajenka ƙarfe 3 na rana ne a Janairu, ƙarfe 2 a Afrilu. Idan wanda ya kira taron ya sa shi a kalandar intanet, zai matsa da kansa a wayarka. Idan kai ka rubuta a takarda ko ka saita ƙararrawa da hannu, za ka shigo an tashi. Haka shafin neman gurbin karatu da aka ce zai rufe 11:59 na dare agogon gabashin Amurka: a hunturu 5:59 na asuba ne a nan, a bazara 4:59. Kwamfuta ce za ta rufe shi, kuma ba ta jin magiya. Mu maki muka rasa a aji. Wani tallafin karatu zai rasa, wani kuma kwastoma.

Abin da za ka yi

Na farko, kafin ka saita kowane aiki, tambayi na'urar agogon wane gari take bi. Kada ka tsaya a kan cewa lokacin da take nunawa ya yi daidai da na hannunka, tarkon da ya kama mu ke nan. Sunan yankin za ka duba.

Na biyu, ka san don wa ake aikin. Idan don mutanen nan gida ne, sa shi a kan Africa/Lagos, ko ka lissafa da UTC: ƙarfe 6 na safe a Kano ƙarfe 5 ne a UTC, rani da damina. Idan aikin na'ura da na'ura ne, kamar kwafe bayanai, UTC ya fi kwanciyar hankali domin ba ya tsalle. A manhajar tsara aiki ta Windows akwai wani akwati da idan ka danna shi ake ɗaure aikin da UTC. Amma idan aikin na mutanen Landan ne, misali saƙon da dole ya fita lokacin buɗe shagonsu, to UTC zai sa ya kauce musu rabin shekara. Nan sai ka sa sunan yankinsu, ka bar kundin tz ya yi lissafin.

Na uku, idan dole ka bi agogon ƙasar da ke sauyawa, kauce wa tsakar dare zuwa ƙarfe 3. Sa aikin 4 na asuba ko 11 saura na dare, ba abin da zai ragu.

Na huɗu, duk aikin da maimaita shi zai jawo asara, a gina shi yadda zai fara duba ko an riga an yi na yau kafin ya taɓa komai. Kuma a sa wani abu da zai sanar da kai idan lokaci ya wuce aikin bai gudana ba, domin aikin da aka tsallake ba ya kuka.

Na biyar, riƙa sabunta wayarka da kwamfutarka. Cikin waɗancan sabuntawar da muke ƙi saboda tsadar data har da sababbin dokokin agogo.

Na ƙarshe ya shafi mu 'yan jarida masu tasowa. Idan za ka rubuta lokaci a labari ko sanarwa, faɗi na ina ne. Gidajen rediyon da iyayenmu ke saurare sun daɗe da wannan ladabi, kullum sai sun ce ƙarfe kaza agogon GMT, ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar. Da muna yara muna jin kamar ɓata baki ne.

Gyaran namu bai ɗauki minti biyu ba, layi ɗaya aka canza, washegari wasiƙa ta shigo ƙarfe 6. Makin da ya tafi dai bai dawo ba. Yanzu a kalandar wayata akwai tunatarwa huɗu a shekara, biyu a Maris, ɗaya a Oktoba, ɗaya a Nuwamba. Idan kana da wani aiki da ka bar wa kwamfuta ta riƙa yi maka, buɗe shi yau ka duba agogon wane gari yake bi, tun kafin Lahadin ta zo.